Ido Uku da Agogon Sista

Ranar da aka sauke allon kantin agogon da ke kallon shagona, mutanen layinmu sun fito sun yi cirko-cirko suna cewa abin tausayi. Ni kam ban ji tausayin kantin ba. Tabarau nake sayarwa, sana'ata ke nan in sa mutum ya ga abin da ke gabansa, kuma shekara shida na yi ina kallon kantin nan yana mutuwa a hankali, cikin ƙamshin turare da laushin kafet. Wanda abin ya ci mini rai saboda shi mutum ɗaya ne, mai gyaran da ke ɗakin baya, wanda duk layin ke kira Ido Uku.

Sunan ya samo asali ne daga ɗan baƙin madubin da yake maƙalawa a idonsa na dama in zai duba cikin agogo. Shekara ashirin da takwas yana maƙala shi, har fatar wurin ta yi zobe. Ko ya cire, idon nan yana buɗe fiye da ɗan'uwansa, kamar rabin fuskarsa ce kaɗai ke mamakin duniya. Gajere ne, siriri, ba ya shan shayi sai ya tashi daga aiki don kada hannunsa ya yi rawa. Matarsa ta taɓa gaya wa tawa cewa in ya dawo gida, agogon bango yake fara saurare kafin ya tambayi lafiyar kowa. 'Ya'yansa mata uku dukansu da hantsakinsa na aiki da sukundireba mai sirantar allura ya yi musu makaranta. Namijin kuwa, da ya girma, gyaran waya ya koya, abin da uban har yau bai gama yafe masa ba.

Yana ɗan shekara ashirin da biyu, da ɗan teburinsa a ƙarƙashin matakalar wani bene, Tsoho mai kantin ya gano shi. An kai wa Tsoho wani agogo da kowa ya ce ya mutu, Ido Uku ya tashe shi a kwana biyu. Tsoho bai tsaya dogon zance ba, ya sa aka ɗauko teburin da mai teburin, aka ajiye su a bakin tagar kanti, dab da ƙofa, inda duk mai wucewa zai gani. Ya kuma sa benci a gefe.

Bencin nan shi ne kasuwar. Dattijo zai kawo gyara ya zauna jira, idonsa yana yawo cikin akwatunan gilashi. Yau ya tambaya, wata mai zuwa ya gwada a hannu, ranar da ɗansa ya gama karatu ya zo ya saya. Tsoho ya sani sarai. Yakan ce shi bai iya ciniki ba, benci ke yi masa.

Ido Uku yana da hanyar aikinsa. Ba ya ba da takarda. In ka kawo agogo, zai ɗaura masa zare mai launi a madauri, ya kwantar da shi cikin faffaɗan aljihun tebur da ya shimfiɗa wa koren ƙyalle, kullum da safe ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya murza musu kai don kada su tsaya. Idan kuma ya buɗe agogo ya gyara, kafin ya rufe sai ya ɗauki tsinin allura ya yi zane a cikin murfin baya: ranar da ya yi aikin, da 'yar alamar mai shi. Ido ba ya gani sai da madubi. Alƙali sikeli ne, mai otal makulli, direban jirgin ƙasa layi biyu. Nawa da na leƙa, sifiri biyu na tarar. Na ce masa wannan ai zagi ne, ya ce tabarau ne, amma in na ga ya fi dacewa da ɗayan, shi ba zai yi mini musu ba.

Tsoho ya rasu, ɗansa ya dawo daga karatu da kwat. Tunda na san shi ban taɓa ganin gwiwar hannunsa ba, don haka layi ya sa masa suna Kwat, ya kuma bi shi. Bai yi wata uku ba ya ƙulla da wani babban kamfanin agogo na ƙetare, su ba shi kaya, shi ya bi dokarsu. Dokar kuwa har da launin bango, da tsayin kujera, da irin ƙamshin da za a shaƙa. Aka fitar da benci. Aka sa ƙofa mai kulle kanta, sai ka danna ƙararrawa, maigadi ya dubi takalminka, sannan ya yanke hukunci. Aka ɗauko 'yan mata biyu aka sa musu farar safar hannu kamar za su yi tiyata. Ido Uku da teburinsa aka tura su ɗakin baya, tsakanin banɗaki da wurin ajiyar tsintsiya, wai ganin dattijo da mai a yatsu yana rage darajar wuri. Aka ce daga yau duk gyara a kwali zai tafi masana'anta. Zanen cikin murfi kuma an hana, wai ɓata kaya ne.

Yanzu Kwat yana yawo yana cewa zamani ne ya kashe shi. To, zamani yana da nasa laifin, ban hana ba. Kowa agogonsa na cikin wayarsa. Mai halin sayen irin waɗannan agogunan ba ya saye a layinmu, sai ya hau jirgi ya sayo a can, don in ya dawo ya sami abin faɗa. Marar hali kuma ya zo ya jingina da gilashi ya ɗauki hoto, ya wuce bakin kasuwa ya sayi mai kama da shi. Shi kamfanin, wanda ake rububi ba ya aiko maka, sai ya ce mai so ya rubuta suna ya jira shekara biyu, waɗanda ba kowa ke so ba kuwa ya jibgo maka su kwali-kwali. Ga hayan wuri, ga fitilu arba'in da ba a kashewa. Duk na yarda. Amma ba zamani ne ya tsaya a ƙofa ya kori dillalin tsofaffin ƙarafa saboda ya zo da silifa ba, mutumin da ya sayi agogo biyar a hannun Tsoho, kuma ya zo sayen na shida. Da idona na ga ya danna ƙararrawa sau uku, ya dubi ƙafarsa, ya juya.

Abin da ya fi ba ni haushi, duk agogunan cikin akwatunan a tsaye suke, an saita su ƙarfe goma da minti goma, wai a haka suka fi kyau a ido. Kanti cike da agogo ɗari biyu, babu mai gaya maka lokaci. In 'yan matan suna son sanin ko tashi ya yi, wayarsu suke zarowa daga ƙarƙashin kanta.

Tsofaffin masu kawo gyara ba su daina zuwa ba, ƙofa suka canza. Akwai wani lungu ta bayan ginin, ka wuce kwandunan shara, ka hau matakala huɗu, ka ƙwanƙwasa. Ta nan alƙali mai ritaya yake bi, yana tattare riga. Kwat ya sani, ya kau da kai, don abin da ke shigowa ta baya shi ke kunna fitilun gaba. Ido Uku kuwa ya ci gaba da zarensa da allurarsa.

Sau ɗaya tak ya bi doka, a kan agogon Sista.

Sista tsohuwar nas ce, ta haura saba'in. Shekara talatin da biyar tana riƙe wuyan hannun marasa lafiya tana ƙirga bugun jini da agogo ɗaya, babba irin na maza, don ta ce ba ado take nema ba, hannun daƙiƙa take son gani ko daga nesa. Mijinta marigayi ne ya saya mata a wurin Tsoho. Cikin murfinsa akwai zanen Ido Uku har sau shida, kowanne da 'yar allurar asibiti a gefe. Ran nan gwiwarta ta hana ta hawa matakalar lungu, sai ta biyo ta gaba. Maigadi ya dubi takalminta, ita kuma ta dubi tsakiyar idonsa, ta tuna masa ita ta ɗinke masa goshi yana ɗan shekara tara. Ƙofa ta buɗe.

Kwat da kansa ya karɓi agogon, ya ga na kamfaninsu ne, ya ce sai masana'anta. Aka kira Ido Uku daga baya, ya saurara, ya ce datti ne kawai, kwana biyu ya isa. Kwat ya ce ba a tambaye shi ba, ya ƙara da cewa wanda ba ya son bin tsari, ƙofar lungu a buɗe take. A shekarar ake shirin kai autar Ido Uku jami'a. Sista ba ta kalli Kwat ba, Ido Uku ta kalla, tana jiran ta bakinsa.

Ya ce, "Ki bari su kai, Sista. Zai dawo."

Ya cire madaurin fatar kamar yadda ake yi, ya ɗaura masa farin zare ya ajiye, kan agogon ya shiga kwali.

Wata biyar ya yi. Da ya dawo, ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba. Sun goge shi yana walƙiya, sun sa sabon gilashi, sun cire tsohon murfin baya sun sa sabo fil. Kuma a kwali ɗaya ya zo da sababbin kaya, yarinyar da ke kan kwamfuta ta shigar da lambarsa tare da su, ba da mugunta ba, abin da ta gani a kwali ta rubuta. Ido Uku ya mayar masa da madaurinsa, ya kwantar da shi a aljihun tebur, ya aika wa Sista. Ta ce Alhamis za ta zo, in ɗanta ya sami sukunin kawo ta.

Talata da safe mutanen kamfani suka iso, su uku da kwalaye. Ashe an daɗe da yanke cewa kantin ba ya tafiya, za a kwashe kaya a rufe. Babu wanda ya gaya wa Ido Uku. Shugabansu wani dogo ne mai takardu a hannu da biro a bayan kunne, ba mugu ba ne a fuska, irin mutanen nan ne da in takarda ta ce musu rana ba ta fito ba, za su kunna fitila. Ya ce duk agogon da ke cikin ginin nan na kamfani ne sai an nuna shaida. Kwat yana cikin motarsa a bakin titi, gilashi a rufe, waya a kunne.

A aljihun teburin nan akwai agogo goma sha bakwai na mutane. Babu rasit ko ɗaya, sai zare.

A duk zaman da muka yi, ranar ce ta farko da na ga Ido Uku ya tsallako titi a lokacin aiki. Ya tsaya a ƙofata, bai ma yi mini tsiyar da ya saba ba. Ya ce in ara masa madubin ƙara girma mafi ƙarfi da nake da shi, wanda ko makaho zai gani da shi. Na ɗauko, na bi shi.

Mai Biro ya zauna a kujerar Ido Uku, shi kuma yana tsaye yana buɗe murfi ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya buɗe sai ya faɗi abin da za a gani: sikeli, da kwanakin gyara guda uku, na farkon tun kafin a san da kamfanin a layin nan. A buɗe, a duba, haka ne. Makulli. Layi biyu. Kifi. Almakashi. Tun Mai Biro yana ɗaure fuska har ya fara cewa a bari ya canka da kansa. Da aka zo kan wani mai zanen kaza, ya yi dariya ya tambaya ko mai kiwon kaji ne. Ido Uku ya ce a'a, lauya ne, tsoro gare shi. Goma sha shida suka koma gefe ɗaya, Mai Biro ya sa hannu ya sallame su. Abin da aka hana shi yi shekara shida, shi ya fid da su.

Na goma sha bakwai, Ido Uku bai faɗi komai ba kafin ya buɗe. Murfin fes yake kamar sabon cokali. Mai Biro ya duba lambar, ya bi takardarsa da yatsa, ya same ta. Ya ce wannan nasu ne.

Ido Uku ya yi bayani tun daga farko. Yarinyar kwamfuta ta ce gaskiya ne, kuskurenta ne, har da ƙwallarta. Mai Biro ya ce ya ji, amma shi ba a aiko shi gyara kwamfuta ba, in ya koma da gibin agogo ɗaya, wuyansa za a kama. Na fita na ƙwanƙwasa wa Kwat gilashi. Ya sauke shi kamar faɗin yatsa biyu, ya ce a rubuta wa kamfani, ya mayar. Abin da na gaya masa ta wannan 'yar kafar ba zan rubuta a nan ba, 'ya'yana suna karatu.

Na rufe shagona, na tari tasi, na je na ɗauko Sista.

Ta shigo ta ƙofar gaba da sandarta, ba wanda ya dubi takalminta. Ta ji bayani ba ta katse kowa ba. Sannan ta miƙa hannu, Ido Uku ya ɗaura mata agogon. Ya nuna wa Mai Biro huda biyu na ƙarshe a jikin madaurin, waɗanda ba na masana'anta ba ne. Shi ya huda su, ɗaya shekarar da mijinta ya rasu, ɗaya bara, saboda hannun yana ta ramewa. Maɓallin ya faɗa hudar ƙarshe daidai, fatar ta kwanta a inda ta saba kwanciya.

Mai Biro ya daɗe yana kallo. Ya ce babu shakka, madaurin nata ne. Madauri ba ya cikin takardarsa. Kan agogon ne nasu.

Na ɗauka ba'a yake yi, har na fara dariya. Sai na ga ya yafito ɗaya daga cikin masu kwali, wani ƙato da wuƙar yanka salatif a hannu, ya ce ya raba su.

Sista ta kama wuyan hannun Mai Biro kafin ya ankara, ta ɗora yatsu biyu, ta zuba wa agogon ido. Kowa yana jira kamar a asibiti. Da rabin minti ya cika ta sake shi.

Ta ce, "Ɗari da huɗu. Ɗana, mai gaskiya a zaune ba ya kai haka. In ka gama kwashe-kwashen ka je a duba ka."

Duk da haka Mai Biro bai fasa ba. Ido Uku ya tare ƙaton, ya ce ba za a sa wa agogon nan wuƙa yana raye ba. Ya maƙala madubinsa, ya ɗauki ɗan ƙarfensa, da hannunsa ya cire madaurin. Aka naɗe kan agogon a farar takarda, yana tafiya, aka sa shi cikin 'yan'uwansa masu ƙarfe goma da minti goma.

Daga nan Ido Uku ya kwance agogon hannunsa. Tsoho ne ya ba shi sa'ad da ya cika shekara goma a kantin, ban taɓa ganin hannunsa babu shi ba. Ya cire masa madauri, ya sa na Sista, ya miƙa mata.

Ta ce, "Ban zo roƙo ba, Malam."

Ya ce, "Ba kyauta ba ce, jingina ce. Ni na ce ki bari su kai. Ranar da naki ya dawo ki ba ni abina."

Ta juya shi, ta duba hannun daƙiƙar, ta ce ya cika siranta, amma za ta yi haƙuri da shi. Ta ɗaura.

Yau wata goma sha huɗu ke nan. Kantin ya zama wurin sayar da waya, ƙofa a buɗe har bango, kiɗa kamar gidan biki, kuma cike yake. Kwat na ji ya koma shigo da turaren ɗaki. Ido Uku ya koma inda aka ɗauko shi, ƙarƙashin matakala, wannan karon ta benen da ke jikin shagona, da teburinsa da koren ƙyallensa. Ni na ba shi benci. Goma sha shidan nan duk sun koma hannun masu su, kuma masu su sun biyo shi, har da lauya mai kaza. Wasiƙa goma sha ɗaya muka rubuta wa kamfani, ɗansa mai gyaran waya ke tura mana. Amsa biyu ta zo, duka iri ɗaya, suna godiya da sha'awar da muke nuna wa kayansu, ana kan dubawa.

Wuyan hannunsa har yanzu babu komai, sai farin zobe inda rana ba ta taɓa ba shekara goma sha takwas. Ga agoguna jibge a gabansa, amma ya ce ba ya ɗaura amanar mutane. In yana son sanin lokaci sai ya leƙo ya tambaye ni, in zaro waya, ya yi tsaki, ya koma.

Sista tana zuwa duk Alhamis ta farkon wata, ta zauna a benci. Ba ta taɓa tambayarsa labarin kamfani ba, shi kuma bai taɓa fasa gaya mata ba. Wancan watan ta ce agogon yana ja da baya, ya karɓa ya ce ta dawo jibi. Da yamma na fito rufe shago na same shi ya gama wanke shi, murfin yana tafin hannunsa, allura a ɗayan. Na ɗauko madubina na leƙa ta kafaɗarsa, bai hana ni ba. A cikin murfin akwai tsohuwar alamarsa, ido guda, da kwanakin da ya yi wa agogon aiki. A ƙasansu ya sa kwanan ranar, ya zana 'yar allurar asibiti.

Na ce, "Ido Uku, to jinginar fa?"

Ya hura murfin, ya mayar, ya murɗa shi har ya kama. Ya ce in matsa, ina tare masa haske.